Canon EOS R50 da hoton ƙananan yara: allonta ya biya kuɗinsa, gilashinta ne da sauran magana

Yawancin hotunan yaran da ke cikin wayoyin mutane daga sama aka ɗauke su. Babba yana tsaye, yaro yana ƙasa, an karkato kyamara an danna. Abin da ke fitowa sananne ne: ƙaton kai, 'yan ƙafafu tsili-tsili, goshi ya cika hoto, bayan yaron kuma babu komai sai siminti da takalman mutane.

Dalilin yana cikin lissafin nisa. Yaro ɗan shekara 2 tsawonsa yakan kai santimita 86 zuwa 87, idonsa kuma yana wajen santimita 76 daga ƙasa. Babba idan ya ɗora kyamara a idonsa tana wajen santimita 160. A tazarar mita 1, sai ya sunkuyar da ita kusan digiri 40 kafin ya samu fuskar yaron. A wannan tsayuwar, daga gilashin kyamara zuwa kan yaron mita 1.25 ne, zuwa ƙafarsa kuwa kusan mita 1.9. Duk abin da ya fi kusa ya fi girma a hoto, saboda haka kai yana fitowa da girman da ya ninka na gaskiya sau ɗaya da rabi idan an gwada shi da ƙafa. Ga shi dama kan yaro babba ne a jikinsa. Na jariri sabuwar haihuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa gaba ɗaya. Ja da baya zuwa mita 3 yana rage sunkuyon zuwa digiri 15 ko 16, amma maganin gaskiya shi ne a sauko da kyamarar daidai idon yaron. Da wannan ma'aunin za a duba Canon EOS R50 a nan: yaya take aiki a tsayin gwiwa da ƙasa da haka, lokacin da mai ita ba ya leƙa ta da ido.

Canon ta fito da R50 a watan Fabrairu na 2023, kan dala 679 jiki kaɗai, dala 799 tare da gilashin RF-S 18-45mm. Farashinta a naira ko sefa yana bin canjin dala, sai an tambaya a ranar. Tana da megafiksel 24.2 a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, mai girman APS-C wanda bai kai na babbar kyamara ba, nauyinta kimanin giram 375 da batir da memori a ciki, gilashin da ake haɗa ta da shi kuma giram 130. Duka-duka ta ɗan haura rabin kilo. Wannan nauyin yana da muhimmanci fiye da yawan megafiksel, domin kyamarar da za a riƙe da hannu ɗaya a gefen gwiwa na minti goma ana bin yaro mai rarrafe, in ta kai kilo guda hannu zai fara rawa tun kafin yaron ya yi dariyar da ake jira.

Allon da ke juyawa

Allonta inci 3 ne, na taɓawa, yana buɗewa zuwa gefen hagu kusan digiri 180, sannan ya murɗa a kan gindinsa har digiri 270. Don ɗauka daga ƙasa, a buɗe shi gefe, a juya fuskarsa ta kalli sama, a tsuguna ko a zauna a kan tabarma, a sauke kyamarar har ta yi daidai da idon yaron. Mai rarrafe idonsa yana wajen santimita 25 zuwa 30 daga ƙasa. Wanda ya fara zama, wajen 35 zuwa 40. Ɗan shekara 1 a tsaye, wajen 65. Ɗan shekara 3, wajen 85. Da kyamarar da allonta ba ya motsi, biyun farko sai an kwanta rubda-ciki a ƙasa, abin da ba ya yiwuwa a tsakar gida ranar suna da sabbin kaya a jiki.

Amfani na biyu ya ma fi na farko. Idan kyamara tana ƙasa mai ɗauka yana kallon allo daga sama, fuskarsa a buɗe take. Yaro ƙarami fuska yake nema. Da zarar an rufe ta da baƙin abu mai ido ɗaya, ko ya ɓata rai ko ya juya wajen uwarsa. Da allon a buɗe ana iya yi masa wasa, a kira sunansa, a yi masa gwalo, yatsa na kan maɓalli. Sai dai akwai tarko a nan. Yaron zai kalli fuskar mai ɗauka, ba gilashin ba, kuma idan fuskar tana santimita 60 sama da kyamara, a hoto zai fito yana kallon sama, fararen idonsa a bayyane ta ƙasa. Gyaransa shi ne a sunkuyo da kai har haɓa ta kusa taɓa saman kyamarar, ko uwar ta zauna a bayan mai ɗauka ta kawo fuskarta ko abin wasan daf da gilashin. Tazarar tafin hannu ɗaya tsakanin abin da yaro ke kallo da gilashin ba ta nunawa a nisan mita 2. A nisan rabin mita tana nunawa sosai.

Inda wannan allon ya fi na Sony a6400 da Nikon Z50 na farko, waɗanda nasu sama da ƙasa kawai yake lanƙwasawa, shi ne hoton tsaye. Yaro a tsaye cikin kayan Sallah hoton tsaye yake so, kuma allo mai lanƙwasa sama da ƙasa ba ya taimakon komai da zarar an juya kyamara gefe. Na R50 ana iya murɗa shi ya kalli sama ko da kyamarar tana tsaye. A hoton kwance kuwa su ne suka fi ta, domin allonsu yana bayan gilashi daidai, na R50 kuma ya fita gefe. Wanda bai saba ba zai riƙa karkatar da kyamarar hagu ba tare da ya sani ba, kuma bin yaro mai gudu ta allon da ke gefe yana ɗaukar kwanaki kafin hannu ya gane. A kunna layukan raga na 3 sau 3 a kan allon, a daidaita layin tsaye da ƙofa ko kusurwar bango. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa yakan karkace da digiri 2 ko 3, kuma gyaransa daga baya yana cin gefen hoto, sau da yawa har da yatsun ƙafa.

Abu biyu ke ba da haushi. Akwai na'urar da ke gane an kawo ido kusa da maleƙar kyamara, ta kashe allo ta kunna maleƙa. Idan an riƙe kyamarar kusa da ciki ko gwiwa, hijabi ko hannun babbar riga yana iya wucewa ta gabanta, allo ya ɗauke daidai lokacin da ake buƙatarsa. A shiga menu a zaɓi allo kaɗai kafin a fara, a mayar bayan an gama. Na biyu, allon da ya fito gefe a tsayin yaro abin wasa ne a idon ɗan wata 10, kuma gindinsa ne wuri mafi rauni a jikin kyamarar. Idan yaron ya matso tazarar hannu, a ninke shi tukuna.

A rana tsaka kuma, allon da ke kallon sama hasken sararin sama yake mayarwa, da ƙyar ake ganin fuska a cikinsa ko an ƙure haskensa. A juya baya ga rana inuwar jiki ta rufe shi. Dama tsakar rana ba lokacin hoton yara ba ne, don inuwa tana cika ramin ido.

Fokas

Saukar da kyamara ba ya da amfani idan ba za ta iya kama ido da kanta ba, tunda a wannan tsayin ba a iya zaɓen wurin fokas da natsuwa. A nan R50 ta yi abin yabo. Tsarinta, wanda Canon ke kira Dual Pixel CMOS AF II, yana gane mutum, ya nemi kai, ya nemi fuska, ya sauka a kan ido, kuma idan yaron ya juya baya yakan riƙe kan har ya waiwayo. Saitin da ya dace: Servo AF, wanda ke ci gaba da bin abu yana motsi, yankin fokas na allo gaba ɗaya, abin da za a gane a sa mutane, gano ido a kunne. A bar One-Shot ga jariri mai barci, domin yana kulle nisa ne a lokacin da aka danna rabi, yaro kuwa ya riga ya matsa kafin a ƙarasa dannawa.

Yana kuskure a wurare sanannu. Idan babba yana riƙe da yaro, sau da yawa fuskar babban yake zaɓa saboda ta fi girma kuma ta fi fuskantar kyamara. A taɓa fuskar yaron a allo sai ya koma kanta ya bi ta. Idan yara uku ko huɗu suna wasa, yana tsalle daga wannan zuwa wancan. Jaririn da ke kwance a gefe ido a rufe, an naɗe shi da zani mai zane, wani lokaci ba a gane shi a matsayin fuska kwata-kwata, sai a koma ɗigon fokas guda a ɗora a kan gashin idon da ya fi kusa. Idan kyamarar tana ƙasa sosai kuma akwai ciyawa ko gefen tabarma a gabanta, yana iya kama su kafin ya ga yaron. Ɗaga ta da yatsu huɗu yana warware wannan. A ɗaki mai duhu da gilashin 18-45 a jawo shi ƙarshe, yana jinkiri, kuma laifin na gilashin ne.

A kashe ƙarar fokas da 'yar fitilar da ke haskawa don taimaka masa a duhu. A tsayin ido, wannan fitilar cikin idon yaron take shiga kai tsaye.

Gilashin da ke cikin kwali

RF-S 18-45mm f/4.5-6.3 IS STM ƙarami ne, mara nauyi, yana da maganin rawar hannu, kuma a waje da safe ko bayan la'asar yana fitar da hoto mai kyau. Matsalarsa ƙofar haske. A 45mm, inda ya fi dacewa da fuska, ba ya buɗewa fiye da f/6.3, kuma idan wannan lambar ta ƙaru hasken da ke shiga raguwa yake. Yaro ba ya tsayawa, saboda haka ana buƙatar saurin ƙiftawa na 1/250 na daƙiƙa ga wanda ke zaune, 1/500 ga mai tafiya, 1/1000 ga mai gudu. Maganin rawar hannu na hannun mai ɗauka ne, ba ya tsayar da yaro. A falo mai taga ɗaya, f/6.3 da 1/250 suna tura ISO, wato ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ya shigo, zuwa 6400 ko sama, fata ta fito da tsaki-tsaki, gashin ido ya narke. Fata mai duhu a inuwa ita ta fi shan wannan wahalar, domin tsakin a wuraren duhu yake taruwa.

Ɗaya ƙarshen, 18mm, ya fi haske kaɗan, amma shi ke dawo da matsalar da aka gudo. A wannan sensa ana ninka lambar da 1.6, wato 18mm yana ganin abin da 29mm ke gani a babbar kyamara. Don fuskar yaro ta cika hoto sai an matso santimita 30 ko 40, a nan kuma hanci ya fi kunne kusa da gilashi sosai, ya kumbura, hannun da yaron ya miƙo ya fi kansa girma. Abin da manyan kyamarorin waya ke yi ke nan, tunda yawancinsu faɗinsu ya kai haka ko ya fi. Kada a kusanci fuskar yaro fiye da mita 1 sai in da gangan ake son hoton ban dariya. A tsaya a mita 1.2 zuwa 2, a jawo da gilashi. Akwai kuma ƙaramin abin haushi: gilashin a naɗe yake zama, sai an murɗa shi zuwa 18 kafin kyamara ta yarda ta ɗauka, kuma daƙiƙa biyun nan sun isa yaro ya sauke abin da ya ɗora a kansa.

Shawarar da ta fi ita ce a sa kuɗin gilashi na biyu a cikin lissafi tun farko. RF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a ƙarshen 2020 kan kimanin dala 200, giram 160 ne. A f/1.8 yana shigar da hasken da ya ninka na f/6.3 sau 12, wato inda wancan ke neman ISO 6400 wannan wajen 500 yake nema. Yana ganin abin da 80mm ke gani, yana tilasta wa mai ɗauka ya ja baya, fuska ta fito da siffarta, baya kuma ya yi dishi-dishi har igiyar shanya da bokitai su ɓace. Yana da zobe da ake iya mayarwa na gyaran haske da ɗan makunnin da ke gefensa, abin da ke rage wata matsalar da za a zo kanta.

Amma a san iyakarsa. A f/1.8 da nisan mita 1.5, zurfin abin da ke fitowa tar bai wuce santimita 6 ba. A mita 1 bai kai 3 ba. Idan yaron ya ɗan juya kai, ido ɗaya zai fito ɗayan ya yi hazo. F/2.8 yana ba da kusan santimita 10 a mita 1.5, f/4 kusan 14, kuma f/2.8 ne wurin da ya fi dacewa a zauna ga yaro ɗaya. Yara biyu, f/4, a jera su kafaɗa da kafaɗa. A nan ma tsayin kyamara yana shiga: idan tana daidai ido kuma ba a sunkuyar da ita ba, fuska da ƙirji da gwiwa duk suna nisa ɗaya da ita, su fito tare. Daga sama, kai kaɗai ke fitowa. Sannan 50mm yana son fili. Don ɗan shekara 2 ya shiga hoton tsaye daga kai zuwa ƙafa sai an ja baya mita 2.5, kuma a ɗaki ƙafa 12 da gado da kujeru a ciki, bango zai tare bayan mai ɗauka. Gilashin 50mm ɗin ba shi da maganin rawar hannu, jikin R50 ma ba shi da shi.

Wanda yawancin hotunansa a cikin ɗaki ne, RF 35mm f/1.8 Macro IS STM ya fi masa: mita 1.7 ya isa ga hoton tsaye ɗin nan, yana da maganin rawa, yana kuma kusantar abu har santimita 17, wanda ke ba da damar ɗaukar yatsun jariri da lallen hannun uwarsa. Ya ninka 50mm tsada fiye da sau biyu, nauyinsa giram 305. Tun 2024 akwai kuma Sigma 18-50mm f/2.8 da ke hawa wannan kyamarar kai tsaye, wanda shi ne abin da ya kamata a ce yana cikin kwalin tun asali, sai dai shi ma ba shi da maganin rawa. Mai tsofaffin gilasan Canon na EF yana iya amfani da su ta mahaɗin EF-EOS R.

Kusurwoyin da ke aiki da waɗanda ke ɓata hoto

Daidai ido shi ne tushe, kuma ana gane an same shi idan saman kai ba ya bayyana, ƙofofin hanci ma ba su bayyana ba. Ga hoton jiki gaba ɗaya a ɗan ƙara sauka zuwa tsayin ƙirjin yaron, a riƙe kyamarar a miƙe, don kai da ƙafa su yi nisa ɗaya da gilashi.

Masu sabon allo mai juyawa sukan wuce gona da iri, su ajiye kyamara a ƙasa suna kallon yaro daga ƙarƙashi. Ga mai gudu ko mai tsalle a nisan mita 3 ko 4 wannan yana da kyau, yana sa shi ya yi girma a hoto, ƙura na tashi a gabansa. A kusa kuwa ƙarƙashin haɓa da cikin hanci ake ɗauka, kuma hancin ɗan shekara 2 a lokacin sanyi ba abin nunawa ba ne. Bayan haka, da zarar gilashi ya kalli sama, bayan hoton ya zama sararin sama ko farin silin, kyamara ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuska ta yi duhu. R50 tana ba fuskar da ta gano fifiko wajen auna haske, amma ba ya isa idan yaro baƙi ne sanye da farar shadda. A ƙara haske da +2/3 zuwa +1, a duba cewa zanen aikin wuyan rigar bai ƙone ba. Ya fi sauƙi a zagaya har bayan yaron ya zama bango mai duhu ko inuwar bishiya.

Daga sama ma akwai wurinsa, idan an yi shi da niyya. Yaro yana tsaye ko zaune kusa da ƙofa, an ɗaga kyamara kaɗan sama da idonsa, digiri 10 zuwa 20, ya ɗago kai: idanu suna buɗewa, hasken ƙofar yana sauka a cikinsu. Sharaɗin shi ne a yanke hoton a ƙirji, kada ƙafafu su shigo. Bakin zaure da safe yana ba da irin wannan hasken, mai laushi daga gefe ɗaya, a sa yaron taku ɗaya ciki daga inda rana ta tsaya.

Jariri a kwance ana ɗaukarsa daga sama tsaye, kyamara tana kallon ƙasa daidai, allon a murɗe yana kallon mai ɗauka. Wannan ne wurin da 50mm ke gazawa: don jariri mai santimita 50 ya shiga da ɗan fili a gefe, sai kyamara ta yi mita 1.5 sama da shi. A kan gado ba zai yiwu ba sai an hau wani abu, kuma ba a hawa kujera a kan jariri. A shimfiɗa masa a ƙasa, a yi amfani da 35mm wanda mita 1 ya ishe shi, ko gilashin kwali a 30 zuwa 35. Igiyar kyamara a wuya ko a naɗe a wuyan hannu sau biyu, murfin gilashi a aljihu. Rabin kilo daga mita 1 a kan jariri ba abin wasa ba ne. Idan za a karkata, a karkata ta wajen kansa ana kallon gangaren hanci, kada a tsaya ta wajen ƙafafu. Haske ma ta wajen kai ya kamata ya zo, ya gangaro fuska. Wanda ya zo ta ƙasa yana juya inuwar hanci sama, jaririn ya yi kama da wanda aka haska da tocila a duhu.

Sauran aibobi

Tana ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa, ko 15 da ƙiftawar lantarki mara ƙara, amma ma'ajiyarta ta wucin gadi ƙarama ce. A RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wajen hoto 7 take yi ta fara numfashi, wato ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A JPEG tana wuce haka nesa, C-RAW kuma, wato RAW da aka matse, yana ɗan ƙara tsawon jerin. Da yara, a riƙa danna gajeren jeri na hoto 3 ko 4 a saki, a sa memori mai alamar V30. Ramin memorin ɗaya ne, na UHS-I, sayen kati mafi tsada ba zai ƙara mata sauri ba.

Ƙiftawa mara ƙara tana da amfani ga jariri mai barci, amma sensar ba ta karanta hoto da sauri sosai. Hannun da ke kaɗawa yana iya lanƙwashewa, kuma a ƙarƙashin wasu ƙwayayen LED masu arha hoto yana fitowa da ratsi-ratsi na haske da duhu, saboda ƙwan yana ƙyaftawa da bugun wutar lantarki, wadda a Najeriya da Nijar 50 ce a daƙiƙa. Idan an ga ratsin, a koma ƙiftawa mai ƙara, ko a sauko 1/100 in yaron ba ya motsi.

Abin murzawa ɗaya ne tak a jikinta. A yanayin M, inda mai ɗauka ke saita komai da kansa, sauyawa daga saurin ƙiftawa zuwa ƙofar haske sai an danna maɓalli tukuna, kuma yin haka da kyamara a gwiwa yana da wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce a saita komai kafin a tsuguna: M, 1/500, f/2.8, ISO a bar wa kyamara amma a iyakance shi a 6400, gyaran haske a kan zoben gilashi. Da gilashin kwali, yanayin Tv, inda saurin ƙiftawa kaɗai ake zaɓa, a 1/250 ko 1/500 ya wadatar, tunda dama ƙofarsa a buɗe za ta zauna.

Batirin LP-E17 ƙarami ne, allo a kunne da Servo AF suna shanye shi, bikin yini guda yana son na biyu a aljihu. Ana iya cajinta ta USB-C idan cajar ko fawabankin mai tsarin cajin sauri na PD ne. Filashinta na ciki rauni gare shi, gaba kawai yake harbawa, yana baje fuska ya sa goshin da aka shafa wa mai ƙyalli. Mazaunin filashi na sama kuma sabon samfuri ne wanda ba shi da tsohon ɗigon tsakiya, saboda haka tsofaffin filashi ba sa aiki sai da mahaɗin AD-E1. Mai sana'ar hoto da ke da filashinsa ya san da wannan kafin ya biya.

Ba a rufe jikinta daga ƙura da ruwa ba, aikin da ake magana a kai kuwa kusa da ƙasa ake yinsa, inda yara ke tayar da ƙura. A lokacin hunturu kada a canza gilashi a tsakar gida. A shiga ɗaki, a kashe ta, a juya bakinta ƙasa. Matatar kariya mai arha a gaban gilashi tana da amfani, domin yatsa mai maiƙon ƙosai zai same shi ko ba jima ko ba daɗe. Na 50mm faɗinta milimita 43 ne, na 18-45 kuma 49.

A shago za a ga ƙanwarta R100, wadda ita ma ta fito a 2023, da farashi mai sauƙi da kamanni iri ɗaya. Don hoton yara kada a saye ta: allonta a manne yake, ba ya juyawa, ba a taɓa shi, tsarin fokas ɗinta ma na baya ne. Sony ZV-E10 tana da allo mai juyawa irin na R50 da gilasai masu yawa a kasuwa, amma ba ta da maleƙa, wanda ke zama matsala a rana. Tsohuwar Canon 250D ta hannu tana da allo mai juyawa kuma tana gane ido idan ana ɗauka ta allo, sai dai ba ta bin yaro mai gudu kamar R50, ta kuma fi ta nauyi.

Ga iyaye da masu ɗaukar hoton suna da na makarantun yara, R50 ta cancanci kuɗinta idan za a haɗa ta da gilashi mai haske. Idan kuɗin na jiki da gilashi ɗaya ne, gara jiki kaɗai da 50mm ga mai tsakar gida, ko jiki da 35mm ga mai ɗaki, a kan kwalin da ke da 18-45. Wanda ya riga ya sayi kwalin, ya riƙe gilashin tsakanin 35 da 45, ya fitar da yaron bakin ƙofa inda haske yake, har kuɗin na biyu ya samu.